Fetur a rijiyar Iya: abin da na gani a aikin kamfanin da ya tsaftace mana ƙasa

Ranar wata Talata da hantsi, cikin Fabrairun 2022, tsohuwar da gidanta ke jingine da katangar bayan gidan manmu ta aiko jikanta da kwanon sha an rufe da faifai. Yaron ya dire shi a kan teburina ya ce, "Kawu, wai in ji Iya ka sansana." Na ɗaga faifan. Ruwan rijiya ne, garau a ido, sai dai a samansa akwai wani ɗan maiƙo mai launin bakan gizo, warin kuwa ba sai an kai hanci ba. Shekara goma sha tara ina cikin warin fetur, har hancina ya daina jin sa a wurin aiki, amma da na ji shi a kwanon shan ruwa sai gabana ya faɗi. Na ce wa yaron ya koma ya gaya wa Iya kada kowa ya ƙara sha, kada a yi girki da shi, kada kuma a kusanci bakin rijiyar da wuta, ina nan tafe.

Tun daga lokacin 'yan'uwa masu gidajen mai suke tambayata wa ya yi mana aikin, nawa ya ci, kuma ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Zan faɗi abin da idona ya gani. Sunan kamfanin zan bar shi, don akwai yabo akwai ƙorafi, kuma har yau ba mu rabu ba. Ofishinsu dai a Kaduna yake, mu kuma muna bakin babbar hanya a wajen Zariya.

Marigayi mahaifina ne ya gina gidan man a ƙarshen shekarun 1980. Tankunan ƙarfe huɗu aka binne, biyu na fetur, ɗaya na gas, ɗaya na kananzir, kuma tun ranar da aka rufe su da ƙasa babu wanda ya sake ganin jikinsu. Kullum da safe a zura sandar awo, a kwatanta da abin da mitar famfo ta nuna, shi ke nan. Kusan shekara guda kafin zuwan kwanon Iya lissafin tanki na biyu yake ƙin cika, yau lita 25, gobe 40. A sana'armu irin wannan giɓin fassararsa biyu ce: ko zafi ya sha, ko yaro ya sha. Na zaɓi ta biyu. Na kori yaron da ke kan famfon, mai mata da ɗa guda, yana rantsuwa ina ce masa ya tafi da rantsuwarsa. Giɓin bai tsaya ba, sai na ce ai sabon ma ya koyi hali. In ka ɗauki lita 30 a kullum ka ninka da kwanakin shekara, ka doshi lita 11,000, sulusin tanka guda ke nan, duk tana tsiyaya a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Wanda aka fara kawo mini ɗan kwangila ne mai katafila. Ya zagaya wurin sau ɗaya, hannu a aljihu, ya ce aikin sati biyu ne: a tone, a kwashe baƙar ƙasa, a cike da yashi, a zuba wa rijiyar Iya omo da alam a yashe ta sau uku. Farashinsa ya yi mini daɗi ƙwarai. Ba don ƙanina ya kafe a kan mu ji ta bakin masu ilimin abin ba, da na ba shi kafin alƙalami a ranar.

Wadda kamfanin ya turo, da muke kira Injiniya, mata ce da ba ta wuce arba'in ba, ta karanta ilimin ƙasa da ruwan ƙarƙashinta a ABU, ta iso da hular kwano a kan hijabi. Ni da nake jiran a fara tono, sai ta ce, "Alhaji, kafin mu taɓa ƙasa a ba ni littafin awonku na shekara biyu." Ta zauna da fensir a ƙaramin ofishina ta yi awa biyu ba ta ɗago ba. Da ta gama ta juyo da littafin ta nuna mini: duk ranar da aka sauke sabuwar tanka giɓin yana haurawa, in man ya yi ƙasa da rabin tanki sai ya kusa ɓacewa. Ta ce, "Ɓarawo ba ya duba tsayin mai kafin ya yi sata. Huji ne, kuma a gefen tanki yake, sama da tsakiya." Bayan kwana uku suka zuƙe tankin, suka toshe duk bakunansa, suka cusa masa iska mai ƙarfi suka sa agogon awo. Muna tsaye allurar tana saukowa a hankali. Ranar da aka ciro tankin na tsuguna na gani da idona, ramukan tsatsa uku, babbansu bai fi kan ashana ba, daidai inda ta ce. A daren na nemi gidan yaron da na kora. Ya yafe, ya kuma dawo aiki, amma har yanzu in muka haɗa ido ni ne mai sunkuyar da kai.

Saɓaninmu na farko da Injiniya a kan kai rahoto ne. Ni so na yi a bar kaza cikin gashinta, a gyara shiru, a sallami maƙwabta. Ta ce ba da ita ba. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar da ke sa ido kan malalar mai, a 2006 ta ce a sanar da malalar mai cikin awa 24, kuma tarar ƙin sanarwa naira 500,000 ce a kowace rana. Ta ce ko ba tsoron tara, duk aikin da za su yi in ba hukuma a ciki, ranar da wani ya kai ƙara takardunsu ba za su kare ni ba. Ita ta rubuta wasiƙar, ni na sa hannu ina gumi. Jami'ai suka zo daga NOSDRA, da hukumar NMDPRA wadda ta gaji tsohuwar hukumar DPR a harkar gidajen mai bayan dokar man fetur ta 2021, da na muhalli na jiha. Aka zagaya, aka ɗauki hotuna, aka amince da tsarin aikin. Abin bai kai yadda na tsorata ba.

Sai aka shiga haƙa rijiyoyin sa ido, kuma a nan ne na ga bambancin masu aiki da awo da masu aiki da katafila. Guda bakwai suka haƙa da ƙaramin injin burtsatse: uku a cikin harabarmu, biyu a lungun da ke bayan katanga, ɗaya a ƙofar gidan Iya, ɗaya can gaba wajen masallaci inda suke zaton man bai kai ba, don su samu abin kwatance. Kowace rijiya siririn bututun roba ne fari, faɗinsa inci biyu, an tsattsaga ƙasansa don ruwa ya shiga, an zagaye tsagin da tsakuwa mai tsabta, sama da nan aka zuba wani yumɓu mai kumbura in ya sha ruwa, sannan siminti da murfi, don kada ruwan sama ya bi jikin bututun ya gangara. Ana haƙawa, duk mita guda sai wani saurayi ya ɗebi ƙasar a leda ya ƙulle, ya bar ta a rana na 'yan mintuna, ya zura bakin wata na'ura mai kama da rediyon hannu, ita kuma ta shaƙi tururin ta ba da lamba. Jar marmarar sama lafiyarta lau. Daga mita huɗu lambar ta fara hawa. A mita bakwai zuwa takwas, inda ruɓaɓɓen dutse ya fara jiƙa, ƙasar ta koma ruwan toka, in ka matse ta a hannu sai ta bar maka maiƙo.

Ni a zatona ruwan ƙarƙashin ƙasa yana bin gangaren da ido ke gani, wato wajen kwalbatin titi. Suka kawo abin awon safiyo suka auna tsayin bakin kowane bututu, suka auna zurfin ruwan ciki, ta zana layuka a takarda. Ashe ruwan baya yake yi, yana ratsa ƙarƙashin gidaje zuwa fadama. Da mai katafila na ba aikin, da gaban gidan man zai tone, ya bar man yana tafiyarsa ta baya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tef ɗin nan mai kuka biyu. Tef ne irin na magina a naɗe a kan faifai, da wani ƙarfe a bakinsa. Ana zura shi a bututu a hankali. In bakin ya taɓa mai sai ya yi kuka miƙaƙƙe, in ya wuce man ya shiga ruwa sai kukan ya koma tsinke-tsinke. Tazarar da ke tsakanin kukan biyu ita ce kaurin man da ke yawo a kan ruwa, tunda fetur ya fi ruwa rashin nauyi, sama yake kwanciya. A rijiya ta biyu, kusa da tankin, Injiniya ta miƙo mini tef ɗin ta ce in zura da kaina. Kuka miƙaƙƙe ya fara, na ci gaba da sakewa, bai canza ba sai da na saki kusan taƙi guda da rabi. Sannan ta zura wata doguwar kwalbar roba da igiya ta jawo: rabin ƙasa ruwa, sama jan fetur tas, wanda in ka tace za ka iya zuba wa babur.

Ɗibar ruwan gwaji ma da tsarinsa. Sai sun fitar da ruwan da ya kwana a bututu sun bari sabo ya shigo, sannan a cika 'yan ƙananan kwalabe har baki, a rufe, a kifa a ɗan ƙwanƙwasa. In aka ga ƙwayar iska ko guda, a zubar a sake, don abin da ake nema ta cikin iskar yake tserewa. A rubuta lamba da lokaci, a jera a kula cikin ƙanƙara, a kama hanya a ranar. Na taɓa ganin ta sa wani yaronta ya sake cika kwalba sau huɗu da azahar cikin azumi, yana haɗa rai tana kallonsa.

Da sakamako ya fito ta zaunar da ni ta bayyana mini lambobin, kuma wannan zaman kaɗai ya isa in ce na gode. Ta ce ƙa'idojin muhalli na harkar mai a Najeriya, waɗanda ake kira EGASPIN, suna da lamba biyu ga ƙasa. Ta farko miligiram 5,000 na mai a kowane kilo na ƙasa, wadda in an haura ta dole a yi gyara. Ta biyu miligiram 50, wadda ita ce inda ake son a mayar da ƙasar. A ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma mikrogiram 600 ne da 50 a kowace lita. Ta ce, "Alhaji, duba tazarar da ke tsakanin 5,000 da 50. A cikin wannan tazarar ake cin kuɗin mutane. Wani zai sauko maka da ita 4,900 ya ce aiki ya kammala. Ka tambayi duk wanda zai yi maka aiki wace lamba ya yi maka alkawari, ya rubuta." Sai kuma maganar benzin, wani sinadari da ke cikin fetur mai saurin narkewa a ruwa, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha mikrogiram 10 a lita, kuma mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Na rijiyar Iya ya ninka haka sau da yawa. Ta ce hanci ba abin dogaro ba ne, ruwa yana iya daina wari alhali benzin na nan.

Da na ji haka na tuna labarin Ogoni da muke ji a rediyo muna ganin kamar a wata duniya ne. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka iyakar nan fiye da sau 900, da mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan da ke ciyar da rijiyoyin, ya kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Namu bai kama ƙafar wannan ba wajen faɗi, amma kaurin man da na auna da hannuna a rijiya ta biyu ya fi santimita 8 nesa ba kusa ba. Injiniya ta ce kada in firgita, mai yakan taru a cikin bututu ya nuna kauri fiye da yadda yake a cikin ƙasa. Duk da haka ban yi barci ba a daren.

Tono bai daɗe ba. Cikin Mayu, kafin ruwa ya sauka, aka ciro tankunan huɗu duka, aka kwashe ƙasar da ta fi jiƙa har inda katafila ke iya kaiwa ba tare da katangar maƙwabta ta zube ba. An kashe wutar layin, an hana kunna babur kusa, mai shayin da ke gefenmu ya yi hijira ta sati biyu ni na biya shi. Muka binne sababbin tankuna masu bango biyu.

Ƙasar da aka kwashe ba bola aka kai ta ba, kuma wannan ya burge ni. Fili suka yi haya a bayan gari, suka shimfiɗa baƙar leda mai kauri, suka tayar da gefe kamar kuyyar gona don kada ruwa ya gudu da ita, suka baje ƙasar. Aka kawo kashin shanu daga kara, da kashin kaji, da ɓuntun shinkafa don ƙasar ta saki jiki, da ɗan takin zamani. Duk sati a juya, a yayyafa ruwa, in hadari ya taso a rufe da tamfol. Na ce, "Injiniya, noma kuka koma?" Ta ce kusan haka ne, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ne ke cinye man, aikinsu kawai su ba su iska da laima da abinci. Watan farko ba ka iya tsayawa a wurin don wari. Wajen wata na shida ƙasar ta koma ƙamshin gona bayan ruwan farko, har ciyawa ta fara tsirowa a gefe. Ba su yarda da ciyawar ba sai da gwaji ya fito sau biyu a jere.

Ruwan ƙarƙashi shi ne mai taurin kai. Suka sa ƙaramin famfo mai tsotsar saman ruwa a rijiyoyi biyu, abin da ya fito ya bi ta wani akwatin ƙarfe da ke raba mai da ruwa, ruwan ya ratsa duro biyu cike da gawayi na musamman kafin a sake shi. Makonnin farko ana cika jarkoki, daga baya aka koma kwalba, daga baya cokali.

Cikin Agusta, ana tsakiyar marka, aka zo awon wata. Aka zura tef a rijiya ta biyu, sai kuka tsinke-tsinke kai tsaye, babu miƙaƙƙe ko na daƙiƙa. Ta uku haka, ta ƙofar Iya haka. Na yi hamdala, na aika a sayo lemo, na ce wa Injiniya ta rubuta rahoton kammalawa mu kira hukuma. Ta ce a'a. Na ce me ya rage, ga shi kunnena ya ji babu mai. Ta ce in duba zurfin ruwan: da rani yana mita takwas, yau yana ƙasa da huɗu. Ruwa ya taso ya danne man a cikin ƙofofin ƙasa, kamar yadda maiƙo ke maƙalewa a soso. Bai tafi ko'ina ba, in ruwa ya ja baya zai sake tsattsafowa. Raina ya ɓaci. Na ce mata a fuska so suke su ja aikin su ci kuɗina. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Alhaji, in kana so ka sallame mu yau, ka sallame mu. Amma hannuna ba zai hau takardar da ta ce an gama ba sai na ga watan Maris." Mun yi kusan wata ba ma gaisawa sai ta bakin yara.

Cikin Maris ɗin 2023 ita da kanta ta kira ni bakin rijiya ta biyu ta miƙo mini tef. Kuka miƙaƙƙe. Bai kai na bara ba, yatsa uku ne, amma ga shi nan. Da na samu mai sa mini hannu a Agusta, da na buɗe wa Iya rijiyarta, da jikokinta sun sha wata bakwai. Duk abin da zan faɗa na ƙorafi a ƙasa, a auna shi da wannan.

Ƙorafin kuwa akwai shi. Mafi girma, ba su iya mutane ba. Sun iya ƙasa, sun iya ruwa, amma unguwa ta gagare su. Satin farko samarinsu biyu suka faɗa wani gida da kula da kwalabe za su ɗebi ruwan rijiya, maigidan ba ya nan, alhali "ba shiga" a rubuce a zaure. Saura kaɗan abin ya zama rigima. Sai da na ɗauki mai unguwa muka bi gida-gida ina cewa, "Ranka ya daɗe, ka taya ni ba su haƙuri," sannan aka tsara cewa Injiniya da wata ma'aikaciya ne za su riƙa shiga cikin gidaje. Rahotonsu kuma shafi tamanin na Turanci da jadawali, wanda ni ma sai da ƙanina nake fahimta. Mutanen da ruwansu ya lalace babu wanda ya taɓa tara su ya yi musu bayani da Hausa, sai da na matsa aka yi zama ɗaya a ƙofar masallaci bayan la'asar. Kafin wannan zaman jita-jita ta riga ta cika gari, wasu na cewa an gano ɗanyen mai ne a ƙarƙashin unguwar ana so a tashe su, har wani ya ƙi sayar da filinsa yana jiran diyya.

Na biyu, ruwan shan maƙwabta ba ya cikin yarjejeniyar, kuma babu wanda ya ja hankalina ranar sa hannu. Gidaje tara aka rufe wa rijiya. Wata biyar ina biyan 'yan garuwa kura-kura kullum, daga baya na ga gara in haƙa musu burtsatse. A nan dai sun yi mini rana: inda na so a haƙa, a tsakiyar lungun, Injiniya ta hana, ta ce injin zai huda ƙazantar ya ja ta ƙasa zuwa ruwan da ke cikin tsagin dutse, a ɓata na sama a ɓata na ƙasa. Aka haƙa can wajen masallaci, ta inda ruwan ke fitowa, aka liƙe samansa da siminti, aka ja fayif.

Na uku, kula da kayan aiki in shugabar ba ta nan. Bayan dawowar man suka kafa injin da ke zuƙo tururin fetur daga cikin ƙasa ta wasu bututai, don ya busar da abin da ya maƙale tsakanin mita huɗu da takwas. Injin ya yi aiki, amma akwai lokacin da ya tsaya sati uku, yaron da aka bar wa shi bai gaya wa kowa ba, sai maigadinmu ne ya ce, "Alhaji, abin nan fa ya daina ƙara tun kafin sallah." A takardar kuɗin watan kuma an caje ni cikakken wata. Sun cire da na yi magana, amma sai da na yi magana. Murafun ƙarfen rijiyoyin da ke lungu kuwa 'yan jari-bola suka ɓalle biyu cikin dare, yara suka cika ɗaya da tsakuwa, sai da aka haƙa wata. Duk wanda ya san garuruwanmu ya san ba a barin ƙarfe a lungu, da siminti ya kamata a yi su tun farko. Sakamakon gwaji ma, alkawarin sati biyu ne, an sha kai sati shida.

Kuɗi kuwa, in aka haɗa komai ban da sababbin tankuna, ya kai kuɗin tanka biyar na fetur a farashin 2022. Fili na sayar. Kusan sulusin kuɗin a awo da gwaji ya tafi, abin da ido ba ya gani, kuma shi na fi yi wa ƙorafi a lokacin, shi ne kuma yau ba na da-na-sani a kansa. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, suka kawo ƙarin farashi na sufuri da gwaji. Ban ce babu hujja ba, ni mai sayar da man ne, na san abin da ya faru. Abin da ya ɓata mini rai shi ne a takardar biya na fara ganin ƙarin, ba a zaune aka gaya mini ba.

In aka ce in sake zaɓa, su zan sake ɗauka, amma da takarda dabam. Zan sa a rubuta lambar da za a kai ƙasa da ruwa, da cewa ba a rufe aiki sai an ga rani biyu a jere, da wanda zai ɗauki nauyin ruwan maƙwabta, da zama da mutanen unguwa da Hausa duk bayan wata uku, da cewa ranar da inji bai yi aiki ba ba a biyanta. Zan kuma sa sunan injiniyar da za ta riƙe aikin, don na lura nagartar kamfanin rabinta a jikin mutum ɗaya take. Watan da ta tafi haihuwa shi ne watan da injin ya tsaya. Wanda ke neman a yi masa sati biyu a ba shi takarda ya rataya a ofis, waɗannan ba nasa ba ne, za su ɓata masa rai kamar yadda suka ɓata mini a Agusta.

A Maris ɗin 2024 tef bai yi kuka miƙaƙƙe a ko'ina ba. Rijiyoyi biyar cikin bakwai sun sauka ƙasa da iyakar benzin, aka buɗe wa gidaje shida rijiyoyinsu don wanki da ban-ruwan dabbobi, sha dai daga burtsatse. Rijiya ta biyu da ta ƙofar Iya har yanzu suna sama da iyaka, ko da yake kowane awo yana ƙasa da na bayansa. An kashe injin, an koma ɗibar ruwa duk wata uku. Ni kuma yanzu littafin awo da kaina nake duba shi duk daren Alhamis, da fensir.

Rijiyar Iya tana nan da murfin siminti da kwaɗo, makullin yana hannun mai unguwa. Mijinta ne ya haƙa ta shekarar da aka kawo ta gidan amarya, kuma ta ce ruwan burtsatse ba ya kashe mata ƙishi, ba shi da garɗi. Makon jiya na shiga gaishe ta, tana zaune a kan murfin tana tsinkar zogale. Ta ce, "Ɗana, yaushe 'yar nan mai hular kwano za ta ba ni rijiyata?" Na ce ta ce sai ta ga watan Maris. Iya ta ce, "Bara ma haka ta ce." Ta miƙo mini tsintsiyar zogale guda ta ce in kai wa matata.